Lu'ulu'un Da Muke Wucewa Kullum

Ranar da muka karanta labarin lu'ulu'un da aka haƙo a mahaƙar Karowe ta ƙasar Botswana a watan Agustan 2024, taron kulob ɗinmu ya kaure da surutu. Nauyinsa karat 2,492, wato kusan rabin kilo. Kowa ya shiga lissafin motocin da zai saya da a ce shi ya tsinta.

Malaminmu ya bar mu muka gaji, sannan ya ce, "Wa zai gaya mini dalilin da ya sa ake kiran titin can Gaskiya?" Muka yi tsit. Kullum ta nan muke bi, amma babu wanda ya taɓa tambaya.

Ashe a nan Tudun Wada aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Nan aka riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, Abubakar Imam mai Magana Jari Ce yana editanta. Mu da muke kiran kanmu 'yan jarida, kunya ta kama mu.

Da muka koma gida muka yi cigiya. Ɗayanmu ya tarar da akwatin tsofaffin jaridun kakansa. Gara ta cinye rabi, sauran kuma an daɗe ana ƙunshe ƙosai da su.

Don Allah, 'yan uwa ɗalibai da malamanmu, a duba akwatunan gida. Duk wanda ya samu tsohuwar jarida ko littafi ya aro mana, mu ɗauki hotonsa mu mayar. Muna haɗuwa kowace Laraba bayan an tashi.