MUN KAI JERE TORANKE, A-KORI-KURA TA SOMA ƊIGA

 Yau ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, garin Toranke zan kai ku. Wadda ba ta taɓa jin sunan ba kada ta damu, domin mu 'yan birni da zarar an haye gadar Wudil gani muke duniya ta ƙare.

Toranke ɗaya ce daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Ajingi, a gabashin Kano, wajen da muka yi iyaka da Jigawa tun da aka yanke ta daga jikinmu a 1991. Hanyar ita ce Kano zuwa Wudil, Wudil zuwa Gaya, daga Gaya a nausa ƙasar Ajingi. In kina da zaɓi kada ki bi ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil ke nan, shanu da manyan motoci sai su cinye miki rabin safiya. Ita kuwa Gaya ba garin rainawa ba ce, don masana tarihi sun ce daga nan maƙeran nan Abagayawa suka tashi suka je gindin Dala neman tama, tun Kano ba ta zama Kano ba. A 2019 aka ba ta masarauta, a 2024 aka rushe, a shekarar kuma aka dawo da ita mai daraja ta biyu. Ki riƙe zancen maƙeran nan, don har yau hannun mutanen yankin bai manta da ƙarfe ba.

Abin da ya kai mu shi ne jeren 'yar Gwaggona, wadda za ta auri wani malamin makaranta ɗan garin. Mu takwas ne mata har da mai goyo a ƙaramar bas, kayan kuma, gado da katifa da kabad da kwalla da samiru, an ɗaure su tam a bayan a-kori-kura. Bas ɗin sauke mu kawai ta yi ta wuce, a kan cewa a-kori-kurar ce za ta maido mu tunda ta zama fanko.

Lokacin kaka ne. Ko'ina ka duba dammunan gero ne jingine, ga tarin harawar wake a kan itatuwa, ga rumbuna sun sha sabon jinka, ga amalanken shanu suna tafe a hankali kamar ba su san ana sauri a duniya ba. Ƙasar rairayi ce fara sol, kuka da tsamiya nan da can. Gidan angon yana gefen gari, sai da muka bi wani burtali wanda taya take nutsewa cikin yashi, motar tana gurnani. Kafin mu gama gaisawa an dire mana ƙwaryar fura da kindirmo mai yauƙin man shanu, irin wadda a birni sai dai ki ji labari.

Ni aka ba takardar lissafin kaya, saboda haka a bakin soro na zauna ina duba abin da ake shigarwa. Nan ne wani yaro da bai fi shekara 10 ba ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ce, "Malam direba, motarka tana fitsari."

Aka yi dariya. Direba ya leƙa, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa ya ce ɗan ɗigo ne, ya kwana biyu yana yi, zai kai mu gida lafiya lau. Amma Gwaggo da ta fito shan iska ta ga yashi ya yi baƙi fiye da faɗin faifai, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

"Ɗan nan, wannan ne ɗan ɗigon?"

"Hajiya, wallahi ba komai."

"To ni ba zan ɗora 'ya'yan mutane da jariri a kan ba komai ba. A nemo mai gyara."

Ku fahimci halin da muke ciki. Washegari da hantsi ne ɗaurin aure a Kano, Gwaggo ce uwar amarya, ga shi abin kunya ne 'yan jere su kwana gidan surukai tun ba a kawo amarya ba. In kuma mun tafi a haka motar ta tsaya mana a daji da daddare, wa za mu kira?

Wanda aka kirawo wani dattijo ne siriri, mai gyaran injin niƙa da na ban ruwa da babura, mota ma in ta samu. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta rigingine, ya daɗe bai ce uffan ba. Da ya fito sai ya ce sil ne. Ni da karambani na ce, "Baba, mene ne sil?" Ya dube ni ya ga biro da takarda, ya yi murmushi ya ce, "'Yata, matso ki gani."

Ga yadda abin yake. Ƙarfin inji yana bi ta wani dogon ƙarfe mai juyawa a ƙarƙashin mota, shi ne farfela, ya shiga wani dunƙulen ƙarfe mai kama da tulu da ke tsakanin tayoyin baya. A cikin tulun haƙoran ƙarfe ne, ƙarami da ake kira finiyan yana juya babba, duk suna wanka cikin man giya mai kauri, shi ne mai warin nan. A bakin tulun, inda finiyan ya leƙo ya haɗu da farfela, akwai wani zoben roba da bai wuce awarwaron yarinya ba. Shi ke tsare man. Zafi da tsufa suna busar da shi, yashi yana cin leɓensa. Sannan a saman tulun akwai wani ɗan hanci da iska ke fita, in ƙura ta toshe shi, man ya yi zafi, iskar ba ta da mafita sai ta tura man ta bakin zoben. In mai ya ƙare haƙora su riƙa cin juna a bushe, mota ta fara kuka kamar kura, daga nan sai ta cije, wani lokaci tana cikin gudu. Ya cire murfin da ake zuba mai ya zura yatsa, yatsan ya fito a bushe. Direba ya yi tsit.

Aka ba ɗan acaɓa kuɗi da kwatancen motar ya tafi Gaya, Gwaggo tana ta addu'ar kada a ce sai Ƙofar Ruwa a Kano.

Kafin ya dawo Baba ya sa duwatsu ya tare tayoyi. Ya yi alama a mahaɗar farfela, ya kwance noti huɗu, ya ɗaure farfelar gefe da igiya. Sai ga wani ƙaton noti a tsakiya, kuma a nan ne na ga abin da ya sa na rubuta wannan labari. Bai taɓa shi da sifana ba sai da ya ɗauko ƙusa ya ja layi ɗaya tun daga kan finiyan, ta kan notin, har farantin da ke bayansa. Sannan ya sa farce ya ƙirga zaren da ya leƙo, ya sake ƙirgawa, ya ce da ni, "Rubuta uku." Na rubuta a ƙasan samiru saiti biyu.

Direba ya ce, "Baba, rana fa tana yi." Ya ce masa, "Sauri ya haifi nawa." Ya bayyana mana cewa wannan notin shi ke riƙe da boris ɗin ciki daidai wa daida. In an ɗaure ya wuce wurinsa boris zai ƙone, kuma sassautawa ba ta gyara ɓarnar, sai an farke tulun gaba ɗaya. In bai kai ba finiyan ya riƙa rawa, sabon zoben ma ya lalace. Yawancin masu cewa an canza masu sil mota ta fara kuka, in ji shi, nan aka cuce su.

A littattafanmu mota ba ta lalacewa sai in marubuciya tana son saurayi mai Marsandi ya tsaya ya taimaki budurwa. Ban taɓa karanta inda aka ba mai baƙin hannu irin wannan ko shafi ɗaya ba, alhali a ranar ran mutum goma yana kan layin da ya ja da ƙusa.

Ya zare farantin, ɗan guntun man da ya rage ya tsiyaye cikin tsohon kwano. Ya ɓanɓare tsohon zoben, ya miƙo min, ya bushe ƙamas kamar ƙanzo. Ya shafa wuyan farantin da yatsa ko roba ta yi masa zanen rami, don in akwai rami sabon ma ɗiga zai yi. Allah Ya taimake mu sumul yake. Ana kiran la'asar ɗan acaɓa ya iso da zobe da galan ɗin mai. Baba ya gwada sabo a kan tsoho, ya goge gurbin tas, ya shafa wa leɓen giris, ya ɗora guntun katako yana bugawa a hankali, nan kaɗan can kaɗan, har ya zauna daram. Da ya zo ɗaure noti sai ya ce, "'Yata, nawa muka ce?" Na ce uku. Ya ja, ya leƙa, ya ƙara ja kamar mai tsoron tashin jariri, har layukan suka haɗu. Ya mai da farfela a kan alamarta, ya zuba mai har ya fara dawowa ta bakin ramin, ya cire ɗan hancin nan ya wanke da fetur ya busa.

A ciki kuwa an gama jere, ɗaki ya yi kyau har ƙannen ango suna leƙe ta taga. Surukai suka cika mana bayan mota da wake da gyaɗa da kaji biyu, muka shimfiɗa tabarma muka zauna a tsakiyarsu. Kuɗin da Baba ya yanka bai kai na atamfa ɗaya ba, Gwaggo ta ƙara masa, ya ce sharaɗinsa guda, in mun isa Gaya a tsaya a duba.

Mun isa Gaya bayan magariba. Direba ya so ya wuce, Gwaggo ta buga rufin motar da tafin hannu. Ya sauka da fitilar wayarsa ya shiga ƙarƙashi, ya dafa tulun ya ji ɗumi ne kawai, ya shafa bakinsa da ƙyalle ya ɗago mana shi a bushe. Ƙarfe 9 saura muka shigo Kano, muka tarar ana ta neman mukullin ɗakin da aka ajiye goron ɗaurin aure, ashe yana ƙulle a bakin zanin Gwaggo.