Daga Tsauni zuwa Timiya

Sunan garinsa Tsauni, amma falken nan bai san tsauni ba sai da ya shiga Abzin. Daga Agadas ya ci kilomita fiye da 200 cikin duwatsu kafin ya gangara kwarin Timiya, inda ruwa ke kwararowa daga bisa dutse zuwa tafki, ga lambunan lemo da rumman.

Masu masaukinsa suka dama masa fura da cuku da dabino. Geron kuwa na ƙasar Hausa ne, wanda ayarinsu ke saye bayan sun sayar da gishirin Bilma. Ashe in damina ta gaza a Damagaram, har cikin duwatsun nan ake jin yunwarta.

Tun daga lokacin, in Abzinawa suka sauka kasuwar Matamaye, cika musu tiya yake har ta yi tozo.