Gardamar Shekara Hamsin a Kan Mai Jita Ɗaya

A Landan akwai mutanen da suka shekara hamsin suna jin zafin wani makaɗi don ya ajiye jitar lantarki ya ɗauki ta katako. Ruwan sama ne ya kora ni cikin wani shagon tsofaffin faya-fayan garmaho a titin Berwick da ke unguwar Soho, a nan na ci karo da biyu daga cikin masu wannan rigima. Dattawa ne, kai duk furfura, kowa riƙe da faifai a hannu yana nuna ɗan'uwansa da shi. Yadda jijiyar wuya ta tashi, sai ka rantse bashi ne ya haɗa su. Da na kasa kunne sai na ji suna ɗaya ke ta dawowa: John McLaughlin.

Na gaishe su, na ce, "Baba, wane ne wannan mutumin, kuma me ya yi muku?" Mamaki ya kama su cewa akwai mai rai da bai san shi ba, nan take suka manta da faɗansu suka haɗu a kaina.

Baturen Ingila ne, an haife shi a yankin Yokshaya a 1942. A 1969 mai ganga Tony Williams ya kira shi Amurka, kuma kafin ya gama sanin hanyoyin gari makaɗin jaz Miles Davis ya ja shi ɗakin naɗar sauti suka yi faifan In a Silent Way. A faifan da ya biyo baya, Bitches Brew, Miles ya raɗa wa kiɗa guda sunansa. Zamanin ke nan da makaɗan jaz suka fara jona kayansu da lantarki, suna gauraya kiɗansu da rok na samari, aka sami sabon salo na haɗaka. Har zuwa nan dattawan biyu bakinsu ɗaya.

Na farkon, dogo mai jar hular sanyi, ya ce duk abin da ake so a sani game da mutumin yana tsakanin 1971 da 1973, lokacin ƙungiyar Mahavishnu Orchestra. Mutum biyar ne daga wurare biyar: shi daga Ingila, Billy Cobham mai ganga haifaffen Fanama, Jan Hammer mai fiyano daga Cekoslobakiya, Rick Laird daga Ayaland, sai Jerry Goodman Ba'amurke mai gogen Turawa. McLaughlin kan fito cikin fararen kaya da jita mai wuya biyu, ɗaya tsirkiya shida ɗaya goma sha biyu, ya roƙi jama'a su yi shiru na ɗan lokaci, sannan a saki ƙara mai girgiza haƙarƙari. Dattijon ya sa mai shago ya ɗora Birds of Fire na 1973 don in ji da kunnena.

Na tsaya ina saurare. Aka buga wani faffaɗan ƙarfe, jita ta shigo tana maimaita wasu 'yan sautuka, goge ya bi ta, ganguna suka ɓarke. Minti ɗaya, biyu, uku, ina ta jira. Can na ce, "To, yaushe mawaƙin zai shigo?" Suka ce ai babu mawaƙi, abin ke nan.

Wannan ya ɗaure mini kai fiye da ƙarar. Ni na tashi inda kiɗa ke yi wa magana shimfiɗa. Idan aka ambaci Mamman Shata, baitinsa ne ke fara zuwa baki, ba wanda ke tambayar sunan mai kalangun da ke bayansa. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, kuma ta ishe shi, don aikin yana ga harshe. Yanzu ga mutum da tsirkiya goma sha takwas a ƙirji, bai ce uffan ba, amma dattijo ɗan shekara saba'in ya rufe ido yana motsa leɓe yana bin sa sauti bayan sauti. Sai dai da na ƙara tunani na ga ban yi wa kunnena adalci ba. Ashe ba mu ne ke jin kalangu ya kira taken mahauci mu san da wa ake ba? Algaita da kakaki a ƙofar fada ba sa jiran mawaƙi kafin a gane abin da suka faɗa. Muna da kiɗa mai magana da kansa, sabo ne kawai ya sa muke ɗora shi a baya. Da na daina jiran murya sai na fara jin jita da goge suna jefa wa juna zance, wannan ya faɗa wancan ya mayar, kowane zagaye ya fi na baya gajarta da zafi.

Ƙungiyar Mahavishnu ta watse a ƙarshen 1973, zaman ya ƙi daɗi tsakaninsu. McLaughlin ya sake kafa wata da sunan, ita ma ba ta daɗe ba. Abin da ya biyo baya shi ne laifin da mai jar hula bai yafe ba har yau. McLaughlin ya cire wayar lantarki, ya naɗe ƙafa a ƙasa tare da makaɗan Indiya, suka kira kansu Shakti: Zakir Hussain mai tabla, L. Shankar mai goge, da Vikku Vinayakram mai kiɗan tulu. Faifansu na farko ya fito a 1976.

"Mutum yana cika manyan zaure," in ji mai jar hula, "ya bar mu ya tafi kiɗan tukunya."

Ɗayan dattijon, gajere mai tabarau, bai tanka ba, sai ya zaro waya ya nuno mini hoton bidiyo na wancan zamani. Tulu ne na yumɓu, ba fata ba komai. Mai shi zaune ba riga, ya jingina bakin tulun da cikinsa. Yana bugun kafaɗar tulun da yatsu goma, sauti na fita ƙas-ƙas kamar ƙarfe, sai ya danna bakin a tumbinsa ya saki, wani sauti mai zurfi ya fito daga ciki. Hannun ba ya ganuwa don sauri. Kusa da shi McLaughlin riƙe da wata jita da aka ƙera masa musamman: an ƙara mata tsirkiya bakwai a gicciye masu amsawa, kuma an rarake katakon wuyan tsakanin ƙarafan, yadda zai danna tsirkiya ta lanƙwasa sauti irin na molon Indiya da ake kira bina. Duk wanda ya girma a Kano ko Zariya yana kallon fina-finan Indiya, da ya ji tabla sai jikinsa ya saki, ni ma haka. Amma wannan ya wuce tablar da ke raka jaruma rawa. Zakir da mai tulu suna yi wa juna tambaya da amsa cikin ƙidaya mai tsauri, kowa ya yi nisa da nasa lissafin, sannan duk su huɗun su faɗo kan bugu ɗaya a lokaci ɗaya, suna dariya.

Wata matashiya da ke aiki a shagon ta saka baki daga bayan kanta. Ita ta hanyar mahaifinta ta san shi, da faifan Friday Night in San Francisco, wanda aka naɗa a watan Disamba na 1980, shi da Paco de Lucía na Sifaniya da Al Di Meola, jitar katako uku ba ganga. Ta ce tun tana yarinya take jin sa, amma yanzu yana gajiyar da ita, don tsere ne kawai, kowa na son nuna ya fi gudu, 'yan kallo na ihu. Ta fi son faifan da McLaughlin ya yi a 1993 na kaɗe-kaɗen makaɗin jaz Bill Evans, inda yake tafiya a hankali. Dattawan suka yi mata ca. Abu ɗaya na ji su ukun sun yarda da shi: shekarun 1980 da ya haɗa jitarsa da na'urar sarrafa sauti har ta daina kama da jita, ba wanda ya yi kewarsu.

Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne ƙidayar. Lokacin da mai jar hula ke yabon Mahavishnu, ya buga mini ita a kan akwatin faya-fayai da tafin hannu: wani kiɗan bugu tara yake zagayawa, wani goma, wani goma sha takwas, ba huɗu-huɗun da kunne ya saba da su ba. Da mai tabarau ya zo yabon Shakti, shi da baki ya ƙidaya, irin yadda makaɗan kudancin Indiya ke furta bugun ganga da harshe kafin su taɓa ta. Lissafin iri ɗaya ne, kuma ba su lura ba. Shi kansa sunan Mahavishnu malamin McLaughlin na addini, Sri Chinmoy, ɗan Indiya, shi ya ba shi, kuma tun ƙungiyar lantarkin na tashe yake zuwa koyon bina wurin wani malami daga kudancin Indiya. Indiya tana cikin ƙarar da mai jar hula ke so tun ranar farko. Na gaya masa haka da ladabi. Ya ce ya sani, amma shi ba lissafi ya je ji ba yana ɗan shekara goma sha takwas, ƙarar ce ta ɗaga shi daga kujera, kuma ba a sake ba shi irinta ba.

Wannan amsar ta sa na kasa ganin laifinsa. Na tambayi kaina: da a ce Ɗan Maraya, yana tsakiyar tashensa, ya rataye kuntigi ya tafi wata ƙasa ya zauna gaban wani malami a matsayin ɗalibi, me zan ce? Na san abin da zan ce, zan ce ya watsar da gado. Mu muna yabon makaɗin da ya mutu a kan abin da aka san shi da shi, kuma akwai hikima a ciki, da haka ne salo ke daɗewa har jikoki su same shi. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi abin da hakan ke ci wa shi makaɗin ba, ko sau nawa wani ya ji wani sauti na kiransa ya danne don tsoron bakinmu. McLaughlin ya bar kuɗi da suna a lokacin da suka fi yawa, ya koma sahun masu koyo, kuma ina ganin wannan ya fi saurin yatsunsa wuya.

Da ruwa ya tsagaita suka raka ni titin Frith su nuna mini Ronnie Scott's, gidan jaz ɗin da aka kafa tun 1959. A nan ne a 2017 McLaughlin ya yi wasa da ƙungiyarsa ta 4th Dimension, wadda a cikinta akwai Étienne Mbappé ɗan Kamaru, mai kaɗa jita mai kaurin murya sanye da baƙar safar hannu. Sun tono tsofaffin kaɗe-kaɗen Mahavishnu, ɗaya daga ciki, Miles Beyond, ya ciyo masa kyautar Grammy a 2018. Mai jar hula ya ce ka gani, ya dawo gida. Mai tabarau ya ce a'a, Shakti ya sake tarawa suka fitar da This Moment a 2023, su ma suka ci Grammy a 2024, watanni kafin rasuwar Zakir Hussain a Disambar shekarar. A wannan faifan akwai muryar Shankar Mahadevan, wanda masu kallon fina-finan Indiya suka san waƙoƙinsa ko da ba su riƙe sunansa ba.

Mai jar hula ya ce ciwon gaɓoɓi ya taɓa hannun mutumin, shekaru sun haura tamanin, yanzu sai ya koma gefe yana yi wa mawaƙi rakiya. Mai tabarau ya ce sai yanzu ne ma ya san inda zai yi shiru. Suka juyo gare ni in raba gardama. Na ce su ba ni lokaci in ji faifan 1976 daga farko har ƙarshe tukuna, mai tabarau ya ce in fara da wani faifan Shakti, A Handful of Beauty, mai jar hula ya ce kada in kuskura in taɓa shi kafin in ji The Inner Mounting Flame na Mahavishnu.