Wasiƙa daga Abhur: kaset ɗin Goggo

Mu nan sai zafi da gumin teku, alhamdulillahi.

Kun san gidan da muka koma a Abhur ba shi da nisa da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz. Da yamma nakan zauna bakin ruwa ina kallon jirage suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Shekaranjiya ina zaune sai gabana ya faɗi, don na tuna daga wannan filin ne jirgin su Baffa ya tashi zuwa Sakkwato ranar Alhamis, 11 ga Yulin 1991. Taya ce ta kama wuta wajen tashi, aka naɗe ta cikin jirgin da wutarta. Matuƙin ya juyo zai sauka, bai kai ba. Mutum 261, ba wanda ya fita. Allah Ya jiƙansu.

Na buga waya gida ina tambaya, sai na tarar kowa da tasa ranar. Inna ta ce a Rima Rediyo ta ji, tana tankaɗe. Yaya Babba ya rantse a BBC ne, da dare. Wata ta ce an yi ruwa, wani ya ce ko ɗigo ba a yi ba. Ni kuwa, da shekara tara a lokacin, abin da ya rage mini ragon da aka ɗaure a zaure don tarbar alhaji. Ban tuna kuka ba, ban tuna zaman makoki ba, sai ragon. Ba na jin akwai mai ƙarya a cikinmu. Ba mu ga gawa ba, ba mu da kabarin ziyarta, kuma da an ɗauko zancen sai manya su ce haƙuri, a rufe. Kowa ya riƙe guntunsa shi kaɗai har ya sauya kama.

Abu ɗaya ne duk muka tuna iri ɗaya: waƙar Goggo. Bayan arba'in ta fara ta a bakin turmi, tana jero sunayen mutanen unguwarmu da suka tafi a jirgin, kowa da sana'arsa da wanda ya bari. Matan da ba su iya ambaton mazajensu sai su zo daka gidanmu, su amsa mata, su yi kukansu, su koma gida. Wasu sun ce bai dace ba. Ni dai ban yarda ba, don Nana Asma'u ta yi wa Sarkin Musulmi Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, kuma ba wanda ya ce ta yi rashin tawakkali.

Da na gwada rera ta a bakin ruwan, baiti uku na kawo na kakare. Goggo ta rasu, masu amshin ma saura ƙalilan.

To ga roƙona. Yaya, na san an ɗauki waƙar a kaset, kuma ina zaton yana cikin akwatin ƙarfen nan na ɗakin Inna. Don Allah a duba. In an same shi kada a sa a tsohuwar rediyo ta cinye zaren, a kai wa masu juyawa zuwa waya a turo mini. In kuma ya ɓata, duk wanda ya tuna ko baiti ɗaya ya rubuto, mu harhaɗa.

A gaida Inna da yara.