Da Sauran Rina a Kaba

Jama'a, ranar da muka karɓi takardun shaidarmu na digiri na biyu a aikin jinya a nan Amurka, mu uku da muka yi karatu tare mun ɗauka wahala ta ƙare. Mun ci jarrabawar ƙasa, jiha ta ba mu lasisi, mun zama manyan nas-nas masu ikon duba mara lafiya da rubuta masa magani. Ashe da sauran rina a kaba.

Wani ƙaramin asibiti na ƙauye ne ya ɗauke mu, inda akasarin masu zuwa tsofaffi ne. A ƙasar nan wanda ya kai shekara 65 yana shiga inshorar lafiya ta gwamnati mai suna Medicare, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965. Tun daga Janairun 1998 doka ta yarda ma'aikaci irinmu ya nemi kuɗin aikinsa da sunansa a ko'ina yake, amma kashi 85 cikin 100 na abin da ake biyan likita. Sai dai kuma ba a biyan kowa ko sisi sai ya yi rajista.

Rajistar nan hawa-hawa ce. Da farko mutum zai nemi lambar NPI mai alƙaluma 10, wadda za ta bi shi har ƙarshen aikinsa. Daga nan ya cika takardar CMS-855I, ko ya bi ta intanet a tsarin PECOS, ya nuna lasisinsa da shaidar karatunsa, sannan ya amince a riƙa tura kuɗin ga asibitin da yake wa aiki.

To, a nan muka yi sakaci. Ɗoki ya ɗebe mu, muka duƙufa kan marasa lafiya, muna cewa takarda ai ba ta gudu. Sai da muka shafe mako 9 kafin muka aika. Ba mu san cewa kwana 30 kacal ake yarda a koma baya daga ranar da takarda ta isa ba. Hawan jini da ciwon sukarin da muka duba a makonnin farko, duk babu mai biya. Ɗaya daga cikinmu ma an dawo mata da tata, domin ta yi aure, sunan da ke lasisinta ya saɓa da wanda gwamnati ta sani.

Ba za mu manta da yammacin da mai kula da kuɗin asibitin ta zaunar da mu ba. Ba ta yi faɗa ba, lissafi kawai ta shimfiɗa mana, ta ce in aka ƙara wata guda a haka, dole a rage ranakun buɗe asibitin. Nan take muka tuna da tsofaffin da ba su da wani wurin zuwa kusa, kunya ta rufe mu.

Daga ƙarshe amincewa ta zo, kuɗi suka fara shiga. Yanzu duk sabon da aka ɗauka, kafin mu nuna masa ɗakin duba marasa lafiya, sai mu zaunar da shi gaban kwamfuta ya cika tasa. Mu ma mun rubuta ranar sabunta tamu a bango, domin bayan shekara 5 za a sake tambaya.