Sanyin Inji Ba Lafiya Ba Ne

Duk wanda ya taɓa mallakar mota a ƙasar nan ya san tsoron zafi. Allurar geji ta haura, tururi ya taso daga ƙarƙashin bonet, direba ya tsaya gefen titi yana neman ruwan leda. Ba mai son ganin kansa a wannan hali, shi ya sa muka ɗauki kishiyarsa a matsayin lafiya. In allura ta kwanta can ƙasa ba ta motsi, sai mai mota ya ce injinsa sanyi ƙalau, har ya sa hakan cikin kirarin da zai yi wa motar ranar sayarwa. Amma injin da ya kasa yin zafi shi ma marar lafiya ne. Bambancin kawai shi ne ciwonsa ba ya ihu, yana cin aljihu ne a hankali.

A garejin Sabon Gari da waɗanda ke bakin titin Sakkwato, daga Kwangila har Samaru, akwai wata hidima da aka saba yi wa mota 'yar Kwatano da zarar ta iso. Sai a kwance inda tiyo ya haɗu da inji, a zaro wani ɗan ƙarfe mai siffiring da bai kai girman kofin shayi ba, a jefar. Sannan a haɗa wayar fanka "dairek", yadda da an murɗa makulli za ta fara juyawa, ba kuma za ta tsaya ba sai an kashe mota. Sunan ɗan ƙarfen tamostat. Hujjar kuwa kowa ya haddace ta: Turawa sun sa shi ne saboda ƙasarsu ta ƙanƙara ce, mu kuwa nan ƙasar rana ce. Maganar tana da daɗin ji, sai dai motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai, inda zafi ya fi na Zariya nesa ba kusa ba, da tamostat ɗinsu suke fitowa daga kamfani.

Aikinsa aikin mai gadin ƙofa ne. A cikinsa akwai wani kaki da ke narkewa ya kumbura idan ya ji zafi. Lokacin da inji yake da sanyi ƙofar a rufe take, ruwa yana zagaye cikin injin kaɗai don ya yi saurin ɗumi. Idan ruwan ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, gwargwadon irin motar, sai kakin ya tura ƙofar ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto ya sha iska ya dawo. Ya yi sanyi da yawa, ƙofar ta sake matsewa. Wato tamostat ba ya ƙara wa inji zafi. Ƙasan zafin yake tsarewa, lagireto da fanka kuma su ke tsare samansa. Wanda digiri 90 ya ba shi tsoro, ya tuna cewa murfin lagireto yana riƙe matsin da ke hana ruwan tafasa sai ya kai wajen digiri 120.

Me ya sa inji yake bukatar wannan zafi? Dalili uku ne, kuma kowanne kuɗi ne.

Na farko fetur. Mai ba ya ƙonewa sai ya zama tururi, kuma a cikin inji mai sanyi wani sashe nasa yana manne wa bangon ƙarfe maimakon ya tashi. Don haka kwamfutar mota, wadda makanikai ke ce wa birenbos, takan ƙara yawan man da take fesawa muddin na'urar auna zafi tana gaya mata injin bai yi ɗumi ba. Abin da cok yake yi ke nan a tsofaffin motoci masu kafireta da babura. An tsara hakan ya ɗauki 'yan mintoci da safe. A motar da ba ta da tamostat, safiyar takan yi tsawo, a ranakun sanyi ma ta ƙi ƙarewa.

Na biyu baƙin mai. Kowace lita ɗaya ta fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita ɗaya. Mafi yawansa yana fita ta salansa, shi ne ɗigon da ake gani da sassafe. Amma wani yakan tsallake zoben fistin ya sauka cikin baƙin mai, tare da ɗanyen fetur ɗin da bai ƙone ba. Inji mai zafi yakan ƙafar da su. Inji mai sanyi tara su yake yi, man ya tsinke, sannu a hankali ya koma wani kunu mai kauri da ke toshe hanyoyinsa.

Na uku ƙarfen kansa. An auna fistin da zobensa da silinda ne yadda za su dace da juna bayan sun kumbura da zafi. Kafin nan akwai 'yar tazara, ɗanyen fetur kuma yana wanke man da ya kamata ya shafe bangon silinda. Masana injuna sun daɗe da sanin cewa kaso mai yawa na zaizayewar inji yana faruwa ne a lokacin da bai gama ɗumi ba.

A ɗora wannan bisa rayuwar ma'aikacin Zariya. Tsakanin Samaru da kasuwar Sabon Gari bai wuce kilomita 15 ba. A Disamba da Janairu, sanyin asubar Samaru kan sauka ƙasa da digiri 15, hazo ya rufe titi. Malamin Jami'ar Ahmadu Bello ko ma'aikaciyar asibitin Shika da suka tayar da mota ƙarfe bakwai, fanka tana hura iskar hunturu cikin lagireto, ƙofa kuma a buɗe, za su iya isa wurin aiki injin bai kai zafinsa ba. Su dawo da yamma, gobe su maimaita. A da, asarar tana ɓoyewa cikin arahar mai. Daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da janye tallafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Abin da yake ɗigo ya zama kwarara.

A wannan tsakanin ne wani yayana, malamin sakandare, ya fara lissafin ajiye motarsa ya koma hawa Keke. Albashi bai motsa ba, tanki kuwa kamar an huda shi. Ya canja fulogi sau biyu, ya zargi gidajen mai da tauye lita, ya zargi yaran da ke wanke masa mota. Na raka shi wurin wani dattijon makanike a Sabon Gari da aka yi mana kwatancensa. Dattijon bai buɗe akwatin kayan aiki ba. Ya ce a bar motar ta huce, muka sha shayi, sannan ya sa aka tayar da ita ya ɗora tafin hannunsa bisa tiyon sama na lagireto. Ba a yi minti biyu ba ya ɗaga kai.

"Malam, wa ya cire maka tamostat?"

"Baba, tun ranar da na saye ta aka ce min haka ake yi."

"Haka ake yi, gaskiya ne. Ni ma na yi wa mutane da yawa a zamanin Fijo. Amma wannan mai kwamfuta ce, kullum tana zaton asuba ce."

Gwajin nasa kowa zai iya yi. A inji mai lafiya, tiyon sama yakan zauna da sanyi na wasu mintoci, sannan ya ɗauki zafi lokaci guda idan ƙofa ta buɗe. In ya fara ɗumi a hankali tun daga farko, to ƙofar babu ita ko ta maƙale a buɗe. A yi hattara da fanka, kuma kada a taɓa buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Sauran alamun su ne fanka ta tashi da murɗa makulli, allura ta ɗan hau a cunkoson PZ amma ta faɗi ƙasa da an miƙi hanyar Kano, fulogi ya yi baƙi da toka, sandar auna baƙin mai ta riƙa warin fetur. Kafin a yanke hukunci a tabbatar geji ba ƙarya yake yi ba, domin na'urar auna zafi ita ma tana mutuwa. Na'urar sikana tana nuna ainihin digirin ruwan, kuma a motoci da yawa lambar P0128 ma'anarta ke nan: ruwa bai kai zafin da ake tsammani ba. Tamostat ɗin kansa ana gwada shi a tukunyar ruwa bisa wuta, a ga ko zai buɗe kafin tafasa, ya rufe bayan ya huce.

Inda wannan ciwo ya fi fitowa fili shi ne bisa ruwa. Mu a Zariya ba mu da jiragen inji, sai kwale-kwalen masunta a Galma. Amma a Yawuri da tafkin Kainji, injin Yamaha da ake ratayawa a bayan jirgi shi ne motar haya, shi ne motar asibiti. Irin wannan inji ba shi da lagireto. Daga kogin yake zuƙar ruwa, ya zagaya da shi, ya tofar. Mai sanyaya shi kogi ne sukutum, don haka abin da ke tsakaninsa da sanyi marar iyaka tamostat ne kaɗai, wanda yakan buɗe a wajen digiri 50 zuwa 60. An saukar da shi haka ne domin injunan suna aiki har a teku, inda gishiri ke daskarewa a hanyoyin ruwa in zafi ya yi yawa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tokare ƙofar a buɗe, kuma ruwan damina cike yake da yashi. Daga nan sai hayaƙi ya ƙaru, fulogi ya yi ta yin baƙi, inji ya riƙa mutuwa idan an rage gudu, wato daidai lokacin da ake kusantar gaɓa ko kauce wa kututture. Mota in ta mutu a gangara gefen titi. Jirgi mai ɗauke da mata da buhunan shinkafa ba shi da gefen titi.

Janareton dizal na ofisoshinmu ma yana da irin nasa. Idan aka sayi wanda ya fi ƙarfin bukata, aka bar shi yana jan kwan fitila da fankoki kaɗai, ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa, ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai. Baƙin ruwa mai danƙo da ke tsiyaya daga bakin salansarsa shaidar hakan ce.

Ya kamata a yi wa makanikai adalci, domin al'adar ba daga jahilci ta taso ba. Mun saba cika lagireto da ruwan rijiya ko na famfo maimakon ruwan nan mai launi da ke hana tsatsa. Tsatsa da laka su toshe lagireto, su ci tamostat, wani lokaci ya maƙale a rufe, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Ga kuma jabun kaya da suka cika kasuwa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Sannan akwai lissafin da ba a faɗi: in mota ta yi zafi mako guda bayan gyara, mai ita zai dawo gareji da faɗa. In kuwa ta riƙa shan mai fiye da kima, zobe ya mutu bayan shekara uku, ba wanda zai tuna da ɗan ƙarfen da aka jefar. Makanike ya zaɓi asarar da ba za a ɗora masa ba, mu kuma muka biya ba tare da mun san mun zaɓa ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Saboda haka gyaran yana da tsari, kuma tsarin ya fi saurin muhimmanci. A fara da wanke lagireto, ko a canja shi in ya toshe. A duba murfinsa da famfon ruwa. A mayar da fanka hannun na'urar da ke tayar da ita, a tsaya a ga ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta. Sai a sa tamostat na ainihi mai digirin da kamfani ya rubuta wa wannan injin, a zuba ruwan lagireto mai kyau, a fitar da iskar da ta maƙale a ciki. Wanda ya tsallake matakan farko ya fara da na ƙarshe, motarsa za ta yi zafi kafin ya kai Kwangila, kuma makaniken da ya ce a cire zai yi gaskiya a idon kowa. In an bi tsarin, allura za ta hau zuwa tsakiya cikin 'yan mintoci ta zauna nan, a hunturu da bazara, a cunkoso da kan babbar hanya. Kada a tsorata da ganinta a tsakiya, nan ne mazauninta.