DA SABON GINI GARA YAƁE: SHAWARA A KAN TSOHUWAR BOKSI

A ƙauyukanmu na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu, ba a yi wa mota ritaya don ta tsufa. Manyan motocin Bedford da ake kira safinja sun isa shaida: kamfanin da ya ƙera su a Ingila ya daɗe da daina yin su, amma ustocin Sudan suka ƙara musu ƙarfe, suka sauya musu inji, suka ci gaba da ɗaukar dawa da riɗi shekara da shekaru. Jama'ar da kakanninta suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903, suka tako har suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar, ba ta saba yar da abin da ke da sauran tafiya a jikinsa ba. Sai dai gyara ma iri-iri ne, kuma zaɓen wanda za a yi shi ne ya hana gidanmu barci a bana.

Motarmu Hilux ce, irin wadda muke kira boksi. Mahaifinmu ya bar mana ita mu uku, agogon tafiyarta kuma ya tsaya tun bayan da ya haura kilomita 400,000. Ita ke kai amfanin gona kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Bayan damina sai akwatin giya, wato jarboks, ya fara kuka. Giya ta biyu ba ta shiga sai da gurnani, ta biyar kuwa takan fice da kanta in an ɗauki kaya.

Hanya uku ce a gabanmu. Ko a buɗe jarboks ɗin a sauya abin da ya ci a ciki, ko a sayo wani na hannu daga wurin tashlihi inda ake farke motoci ana sayar da sassansu, ko kuma a sayar da motar yadda take. Yayana ya fi son ta biyu, domin ta fi sauri kuma ta fi araha. Ƙanena ya ce a rabu da ita tun tana da daraja.

Kafin gardama ta yi nisa muka kai ta wurin wani dattijon usta a unguwar makanikai ta Sinnar. Bai ce komai game da kuɗi ba. Ya fara da kuloci, domin sau da yawa shi ke da laifi ake ɗora wa jarboks. Ya tayar da inji, ya saurara, ya taka kuloci, sai kukan ya ɗauke. Ya ce da kukan na fitowa ne lokacin da aka taka, da matsalar ƙarama ce. Tunda takawar ce ke kashe shi, boris ɗin cikin jarboks ne ya gaji. Sannan ya kwance kusar ƙasa ya tsiyaye man a tasa. Man ya yi fari-fari, alamar ruwa ya shiga, abin da ba baƙo ba ne ga motar da ke ratsa kwari da laka irin tamu mai kama taya. A cikinsa akwai gari mai ƙyalli launin tagulla, wanda ke nuna zobban da ke daidaita gudun giyoyi sun side. Maganaɗisun da ke jikin kusar kuwa laushin gari kawai ya kama, babu ɓarɓashin haƙori.

"Malam," in ji shi, "ciwon wannan na ji shi, na gan shi. Na wanda za ku sayo, sai an ɗaura an hau titi za a sani."

Wannan ita ce hujja ta farko. Jarboks na hannu cinikin biri a sama ne. Ana wanke bayansa da fetur ya yi ƙyalli, amma ba wanda zai gaya maka tafiyar da ya yi, ko nauyin da aka ɗora masa. In ya tsaya bayan wata biyu, ka biya kuɗin saye, ka biya ɗauri da kwancewa, ka dawo inda ka faro.

Hujja ta biyu kawunmu ne ya kawo ta, ita ce kuma ta fi nauyi. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, musamman bayan ya shigo Wad Madani a Disambar wannan shekara, an kwashe motocin mutane ba adadi a Hartum da Jazira. Da yawa ba a sake ganinsu a ɗinke ba. An farke su, sassansu suka bazu a kasuwanni. Ba kowane mai tashlihi ne ke taɓa irin wannan kaya ba, akwai masu tsoron Allah da ke riƙe da takardun abin da suke sayarwa. Amma arahar da ta wuce hankali tana da dalili. Kawu ya ce: "'Ya'yana, in kuka ɗaura ƙarfen da aka raba wani bawan Allah da shi da bakin bindiga, da wace fuska za ku ɗauki hatsin zakka a kansa?" Ba wanda ya amsa.

Sayarwa kuwa lissafi ne ya kashe ta. Mota mai ciwon jarboks ba ta da ciniki, kuɗin takarda kuma yana narkewa a hannu kafin a samo madadinta. Injinta na da lafiya, ƙashin bayanta bai tsage ba. Darajarta a wurinmu ta fi abin da dillali zai taya.

Sai muka tsaya a kan sharaɗi. A buɗe a gabanmu: in sandunan ciki da haƙoran giyoyi na nan lafiya, a sauya boris da zobba da robobin tare mai, kuma da kayan asali, ko da za a jira su daga Port Sudan. In an tarar da karaya, a ajiye motar har a sami jarboks mai takarda. Aka buɗe, haƙoran suka fito sumul, ban da na giya ta biyar da aka sauya. Mun biya fiye da farashin na hannu, mun kuma yi makonni muna hayar amalanken jaki. Usta ya sallame mu da gargaɗi biyu: a bar giya ta biyar in an yi lodi, a duba man jarboks bayan kowace damina.

Ga duk ɗan'uwan da irin wannan shawara ta same shi: ka sa a tsiyaye man a gabanka kafin a yi maganar kuɗi, ka kuma tambayi asalin duk ƙarfen da za a ɗaura maka. Allah Ya mayar wa waɗanda aka raba da dukiyarsu da mafi alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.